Dattijon da ya bar sahun gaba: kuɓucewar fitsari da abin da take yi wa zuciyar tsofaffi

Duk mai bin hanyar Batsari zuwa Katsina ya san Babbar Ruga, tana nan gab da shiga gari. A da asibitin kutare ce. A ƙarshen 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta huda wa mafitsara, ba mai yi musu aiki. Ya shiga ɗinke su, ya koyar da wasu likitoci, har wurin ya zama cibiyar gwamnatin tarayya ta masu yoyon fitsari. Shi ya sa a Batsari da Safana ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba in an ce "yoyon fitsari". Abin da zai zo masa a rai shi ne yarinya mai ƙananan shekaru, haihuwar fari, wadda ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida.

To amma akwai wasu da fitsari ke jiƙa wa tufafi, sun kuma fi waɗancan yawa nesa ba kusa ba, sai dai lalurarsu ba ta da suna a bakin mutane. Tsohuwar da in ta yi tari ko atishawa sai ɗan fitsari ya zubo mata. Dattijon da fitsari ke kama shi farat ɗaya, kafin ya kai makewayi ya riga ya ɓata wando. Waɗannan babu huji a mafitsararsu, riƙon ne ya yi rauni. A nan zan riƙa kiran abin "kuɓucewar fitsari". Ita wannan lalura ba ta kisa, sau da yawa ma ko zafi ba ta yi. Ɓarnarta mafi girma a zuciya take, kuma a wajenmu tana shiga ne ta ƙofar tsarki.

Yaya ma jiki ke riƙe fitsari?

Mafitsara jaka ce ta tsoka. Ta babban mutum tana ɗaukar kusan rabin lita, wato kamar ledar fiya wata guda. Tun kafin ta kai rabi take aika saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa cewa ta fara cika. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ke duba inda mutum yake, ya ce mata "dakata, muna cikin mota" ko "dakata, liman bai sallame ba". A ƙasa kuma akwai tsoka mai kama da zobe da ke tsuke bakin mafitsara, da wasu tsokoki da ke shimfiɗe a ƙasan ƙugu suna tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, sai a fara ganin jiƙa.

A wajen mata, tsokokin ƙasan ƙugu ne suka fi shan wahala. Kowace haihuwa tana buɗa su, bayan ɗaukewar al'ada kuma fatar wurin tana yin siriri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen jihar Katsina tana haihuwar 'ya'ya 7.3 a matsakaici, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya. Sai a haɗa da shekaru arba'in na daka da surfe, ɗaukar ruwa da itace, da tarin da hayaƙin murhu ke sa wa. Duk abin da ya matsa ciki, ko da sunkuyawar ruku'u ce ko tasowa daga sujada, yana iya tunkuɗo fitsari.

Wani nau'in kuma mafitsarar ce ke matsewa da kanta ba tare da izinin ƙwaƙwalwa ba. Masu wannan sukan ce da sun ji ƙarar zubar ruwa daga buta sai fitsari ya taso musu, abin da ke nufin alwalar kanta tana iya zama mai tayar da matsalar. A wajen maza, yawanci firostet ce, wata 'yar tsoka mai girman goro da ke zagaye da hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsara. Tana girma da shekaru, ta matse hanya, mafitsara ta kasa juyewa gaba ɗaya, ta cika ta riƙa tsiyaya kamar randar da ta cika ta batse. Ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, da tsargiyar da mutum ya sha fama da ita tun ƙuruciya har ta bar tabo a mafitsara, duk suna da hannu.

Akwai kuma wanda mafitsararsa lafiya lau, ƙafa ce ta gaza. Gwiwa ta riƙe, ido ya yi rauni, makewayi yana can ƙarshen gida. Wannan nau'in za mu dawo kansa, don shi ne ya fi shafar yankin da muke magana.

Su nawa ne?

A ƙasar Norwe an tambayi mata kusan 28,000 a wani babban bincike da aka buga a 2000. Ɗaya cikin huɗu ta ce fitsari yana kuɓuce mata, kuma abin yana ƙaruwa da shekaru. A Ibadan an bi gida-gida an tambayi mata kusan 5,000, aka buga sakamakon a 2011, waɗanda suka amsa ba su kai uku cikin ɗari ba. Matan Ibadan ɗin sun fi ƙuruciya, wannan ya bayyana wani ɓangare na bambancin. Amma ni dai ban yarda mafitsarar matan Najeriya ta fi ta matan Norwe ƙarfi har kusan sau tara ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne, baƙo ya tsaya a ƙofar gida da takarda da biro ya tambayi uwa ko tana jiƙa zane, me kake tsammanin za ta ce masa? Ƙarancin adadin shi kansa shaida ce ta girman kunyar.

Inda abin ya fi ciwo

A 1999 wasu likitoci a Hadaddiyar Daular Larabawa sun buga bincike a kan mata 400. Kusan ɗaya cikin biyar tana da wannan lalura. Da aka tambaye su abin da ya fi damunsu, tara cikin goma suka ambaci salla. Duk da haka, waɗanda suka je wurin likita ba su kai ɗaya cikin uku ba. A Turai in an yi irin wannan tambaya, amsoshin sukan karkata ga tafiye-tafiye, motsa jiki da zaman aure. Musulmi kuwa sau biyar a yini ake tuna masa da lalurarsa.

A ɗauki misalin dattijo a Wagini ko Runka wanda ya shekara talatin yana tsayawa bayan liman. Ya yi alwala, ya tayar da kabbara, a raka'a ta biyu ya ji ɗumi a cinya. Ranar farko zai zame ya koma gida. Daga nan sai ya fara tsayawa a sahun baya kusa da ƙofa. Daga nan sai ya ce gwiwa ce ta matsa masa, zai riƙa yi a gida. To shi masallaci a ƙauye ai ba wurin salla kaɗai ba ne. A nan ake jin wa ya rasu, wa ya haihu, wa aka sace, wa ya dawo. A nan ake neman shawarar dattijo a kan gona da aure. Wanda ya bar masallaci ya bar majalisa, ya bar zaman makoki da ɗaurin aure, ya bar kasuwa saboda ba zai iya ce wa direba ya tsaya sau uku ba. Tsohuwa ita ma haka: ta daina zuwa biki da barka, ta daina kwana gidan 'yarta, ta koma zama can gefen tabarma tana ƙona turaren wuta fiye da ƙima.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane wannan zagaye. Mutum ya ji tsoron abin kunya zai faru a bainar jama'a, sai ya guje wa wurin. Gujewar ta ba shi sauƙi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gudun shi ne mafita, tsoron ya ƙara kafuwa. Kuma fargaba tana sa mutum ya riƙa sauraron mararsa, ya riƙa zuwa fitsari "don kada", ko bai ji shi ba. Mafitsarar da aka saba juye ta tun ba ta cika ba sai ta koma kiran mutum a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasu kuma waswasi ke kama su: duba wando, sake alwala, sake salla, har mutum ya fara zargin ko ibadarsa ta shekaru tana karɓuwa. Ga wanda ya kai saba'in yana shirin gamuwa da Ubangijinsa, wannan tunani ba ƙaramin nauyi ba ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun riga sun yi maganar nan tun fiye da shekara dubu. Malamai suna kiran lalurar "salas". Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci mai ita, ta nuna an so ya sabunta alwala ga kowace salla. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa idan ɗigar tana tare da mutum rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwala, kuma akwai rangwame a kan abin da ya taɓa tufa idan abin na kullum ne har wankewa ta zama wahala. Abin da suka karhanta shi ne mai lalurar ya yi wa masu lafiya limanci, wanda kuma gaskiya rashi ne ga dattijon da ya saba jan salla. Amma ba su ce ya bar jam'i ba. Filla-fillar hukuncin aikin malamai ne, a je a tambaye su. Matsalar ita ce wanda ya fi buƙatar amsar shi ne wanda kunya ba za ta bar shi ya yi tambayar ba. Da liman zai ɗauki minti biyar bayan Asuba ya karanta wannan babi ba tare da an tambaye shi ba, da ya mayar da wasu sahun gaba.

Ciwon damuwa: wa ya jawo wani?

Bincike da dama a ƙasashe daban-daban sun nuna masu kuɓucewar fitsari sun fi sauran mutane fama da ciwon damuwa da fargaba da kaɗaici. Kowa zai ce ai a fili yake, jiƙa tufa ce ta jawo baƙin ciki. Sai wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, wanda ya bi mata sama da 5,000 na tsawon shekara shida, ya zo da abin mamaki. Matan da suka fara da ciwon damuwa su ne suka fi samun kuɓucewar fitsari daga baya. Wani binciken na Norwe da ya bi mata shekara goma ya ga alamar hanyar tana zuwa ta kowane ɓangare.

Akwai dalili a cikin jiki. Sinadaran nan biyu da ake yawan ambata a maganar ciwon damuwa, serotonin da noradirenalin, su ne kuma ke aiki a can ƙasan laka wajen ƙarfafa jijiyar da ke tsuke bakin mafitsara. Har akwai magani guda, duloxetine, da aka amince da shi a Turai don ciwon damuwa da kuma nau'in kuɓucewar da tari ke jawowa a mata. Ban da haka, mai ciwon damuwa yana rage motsi, barcinsa ya lalace, ya rage kula da jikinsa. Ma'anar wannan ga iyali ita ce, in aka yi maganin mara aka bar zuciya, an yi rabin aiki ne.

Kada kuma wani ya ce ciwon damuwa na Turawa ne. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun tantance tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, suka buga a 2007. Kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa. Tsohonmu ba zai ce "ina cikin damuwa" ba. Zai ce jiki ba ƙarfi, abinci ba ɗanɗano, barci ba ya zuwa, ko ya riƙa cewa shi kam ya gama, jira kawai yake.

Dare a bakin Dajin Rugu

Yawancin binciken da na ambata an yi su ne a kan mutanen da ban-ɗaki ke cikin ɗakinsu, ga wuta ga ruwa. Ko a can, wani bincike na 2000 a kan tsofaffin mata sama da 6,000 a Amurka ya nuna masu fitsarin gaggawa sun fi faɗuwa da kashi 26 cikin 100, sun fi karaya da kashi 34, saboda saurin zuwa ban-ɗaki.

Yanzu a kawo wannan ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, inda mutane suka shekara da shekaru suna kwana da kunne ɗaya a buɗe. A Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar a dare ɗaya. Inda ake tsoron haska tocila ko buɗe ƙofa da tsakar dare, tsohon da fitsari ke tayarwa sau huɗu yana da zaɓi biyu ne, kuma duka ba daɗi. Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa cikin Batsari, Dutsin-Ma ko Katsina sun tarar da wani abin: ɗaki ɗaya da 'ya'ya da jikoki, ko ajin makaranta, makewayi ɗaya ga mutum da yawa, ruwa na saye. Tsohuwar da ta shekara goma tana rufa wa kanta asiri a ɗakinta, tana wanke tsummanta kafin gari ya waye, a nan asirin ke tonuwa. Ga rashin gida da dabbobi, wataƙila ga rashin ɗa, ga tsoron da ke ƙara tayar da mafitsara. Masu kai agaji kuwa hatsi da tabarma da bargo suke lissafawa. Fo, sabulu, ledar shimfiɗa da ƙarin zane ba su cika shiga lissafi ba.

Dabarar da kusan kowa ke fara yi ita ce rage shan ruwa. A zafin Afrilu wannan haɗari ne. Fitsari yana yin kauri ya ƙara fusata mafitsara, bayan gida ya yi tauri ya danne ta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. A jikin tsoho, ƙarancin ruwa ko ciwon sanyin mafitsara yana iya zuwa da ruɗewa kwatsam, ya kasa gane mutane, ya riƙa sambatu. Sai a ce gigin tsufa ne, ko a fara zancen iska, alhali abu ne da ruwa da maganin 'yan kwanaki kan warware.

Wa zai yi wa Inna maganar?

A gidan Bahaushe wannan tambaya tana da wuya. Ɗan fari ko sunansa uwa ba ta faɗa, balle ta gaya masa tana jiƙa shimfiɗa. Suruka ita ce sau da yawa ke fara ganewa, don ita ke wanki, kuma ita ce wadda tsohuwa ta fi jin kunyar ta sani. Daga nan ake samun ɓoye zane a ƙarƙashin katifa, da faɗan da ba a san tushensa ba. Mai jinya ita ma tana gajiya, kuma gajiya kan fito da magana mai zafi: "Inna, sai ka ce ƙaramar yarinya!" Kalma ɗaya irin wannan ta isa ta sa tsohuwa ta daina shan ruwa gaba ɗaya.

Al'adar da ta ɗaure bakin ɗa ita ce kuma ta saki na jika. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, ana faɗin abin da ba a faɗa wa kowa. Jikar da ta yi hankali tana iya cewa, "Kaka, na ji ma'aikaciyar asibiti na cewa yawancin matan da suka haihu da yawa fitsari na yi musu gardama, wai kuma akwai motsin da ake yi ya tsaya. Ke naki yana jin magana kuwa?" An buɗe ƙofa ke nan ba tare da an tsayar da ita gaban shari'a ba. Dattijo kuma aboki ko ƙane da suke sa'anni ya fi dacewa.

Abin da ake iya yi

Tsufa tana ƙara yiwuwar lalurar, amma ba dole ba ce, kuma mafi yawan masu ita suna samun sauƙi. Abin farko shi ne duba abubuwan da ke wucewa: gwajin fitsari, gwajin suga, taurin bayan gida, da magunguna. Wasu magungunan hawan jini irin su Lasix da Moduretic aikinsu ke nan ƙara fitsari. Kada a daina sha, a gaya wa likita, sau da yawa sauya lokacin sha zuwa safiya ko sauya maganin ya wadatar. Goro da shayi da Nescafé suna da sinadarin kafin mai tayar da mafitsara, dattijon da ke cin goro har bayan Isha'i ya gwada tsayawa daga La'asar. Maganin mura irin su Piriton kuma yana iya toshe fitsarin mai kumburin firostet.

Motsa tsokokin ƙasan ƙugu, wanda likita Arnold Kegel ya bayyana a 1948, ba ya cin ko kwabo. Mutum ya tsuke kamar mai riƙe tusa, ya ƙirga zuwa biyar ko goma, ya saki, kamar sau takwas zuwa goma, sau uku a yini. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2018 ya nuna fiye da rabin matan da ke da nau'in tari da atishawa sun ce sun warke, a cikin waɗanda ba su yi ba kuwa kusan shida cikin ɗari. Sharaɗin shi ne a yi wata uku ba fashi, kuma ɗaura shi a bayan salloli uku yana hana mantuwa. Mai fitsarin gaggawa ana koya masa jinkirtawa kaɗan-kaɗan, minti biyar, goma, sha biyar, na aƙalla mako shida. Mai ƙiba ya rage: a wani gwaji na 2009, matan da suka rage kusan kashi 8 na nauyinsu sun ga kuɓucewar ta ragu da kusan rabi. Fo mai murfi kusa da shimfiɗa, da wandon da ba sai an kwance mazagi mai ƙulli ba, suna yin abin da ƙwaya ba ta yi. Akwai magungunan kwantar da mafitsara, amma wasunsu suna ruɗa ƙwaƙwalwar tsoho, don haka ba na saye a kemis ba ne.

Macen da fitsari ke zubo mata dare da rana ba tsayawa tun wata haihuwa, ko da shekara talatin ke nan, ita Babbar Ruga ce wurinta, shekaru ba sa hana a duba ta. Jini a fitsari, fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, zazzaɓi tare da ruɗewa, ko mutuwar ƙafafu, waɗannan na asibiti ne a ranar. Sauran kuma a fara da babban asibiti mafi kusa, in ya cancanta a tura su asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina.

Kafin a tafi, a yi lissafin kwana uku: sau nawa aka yi fitsari da rana, sau nawa da dare, sau nawa ya kuɓuce, kuma me ake yi a lokacin. Wanda ba ya rubutu ya samu gwangwani biyu, ya riƙa jefa tsakuwa a ɗaya in ya je da kansa, a ɗayan in ya kuɓuce, jika ta ƙirga da safe ta rubuta. A gaban likita kuma, bayan an gama zancen mara, mai rakiya ya ƙara da cewa Baba ya daina zuwa masallaci wata huɗu ke nan kuma ba ya barci, don shi Baban ba zai faɗa ba.